Ƙwaƙwalwar Wa, da Izinin Wa? Tarihin Binciken Ƙwaƙwalwa da Amanar Masu Yin Sa

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, kuma a kulle take cikin ƙashi. Bugun zuciya ana jin sa da tafin hannu, numfashi ana ganin sa a ƙirji, amma ƙwaƙwalwa shiru take aikinta. Duk wanda ya so sanin sirrinta tilas ya jira kan wani ya fashe, ko ya feɗe gawa, ko ya kwantar da dabba ya yanka. Shi ya sa wannan ilimi, tun farkonsa, bai taɓa rabuwa da maganar amana ba: a kan wa aka koya, wa ya ba da izini, kuma wa ya amfana.

Masar da Girka: daga 1600 kafin Miladiyya zuwa ƙarni na 2

Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci ƙwaƙwalwa daga Masar ya fito. Takarda ce ta fafirus da wani Ba'amurke, Edwin Smith, ya saya a Luksor a 1862, aka wallafa fassararta a 1930. An rubuta ta wajajen 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma harshenta ya nuna daga wani littafi da ya girme ta aka kwafo. Ana cewa Imhotep, wazirin Fir'auna Joser, shi ne marubucin asali, amma wannan hasashe ne, ba a sami shaidarsa a rubuce ba. Takardar ta jera raunuka 48, ta faro daga kai. Likitan ya lura cewa rauni a ƙoƙon kai yakan ɗauke wa mutum magana, ko ya sa shi jan ƙafa. Ga kowane rauni kuma yakan yanke ɗaya daga hukunci uku: zan warkar, zan yi ƙoƙari, ko wannan ba ya jin magani. Duk da wannan basira, masu shirya gawar manya sukan zaƙulo ƙwaƙwalwa ta hanci su zubar, su bar zuciya a ƙirji, domin a wurinsu ita ce gidan hankali.

Girkawa sun rabu biyu a kan batun. Wajajen 400 kafin Miladiyya, wani littafi da ake jingina wa Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Buƙrat, ya ce farfaɗiya cuta ce kamar sauran cututtuka, tushenta a ƙwaƙwalwa yake, ba fushin alloli ba ce. Arisɗo kuwa ya tsaya a kan zuciya, ya ce ƙwaƙwalwa sanyaya jini kawai take yi. A Iskandariyya, wajajen 300 kafin Miladiyya, sarakuna suka ba Herophilus da Erasistratus damar feɗe gawar mutane, suka bambance jijiyoyin saƙo da jijiyoyin jini. Wani marubucin Rum, Celsus, wanda ya zo bayansu da shekara kusan 300, ya ruwaito cewa har fursunoni ake ba su da ransu su feɗe. Masana tarihi ba su daddale a kan gaskiyar ruwayar ba, amma ita ce zargi na farko da ya manne wa wannan sana'a.

Sai Jalinus, wanda aka haifa a 129 Miladiyya a Fergamon. Ya fara da ɗinke raunukan 'yan dagar da ake haɗawa faɗa da takubba don nishaɗin jama'a. A Rum ya riƙa yanke wata jijiya a wuyan alade mai rai a bainar jama'a, kukan dabbar ya ɗauke nan take, don ya nuna murya daga ƙwaƙwalwa ake sarrafa ta. Sai dai gawar mutum ta fi ƙarfinsa, da shanu da birai ya yi aiki, ya ɗora abin da ya gani a kan ɗan'adam. Kurakuransa sun rayu shekara fiye da 1,300.

Bagadaza, Kurɗuba da Alƙahira: 800 zuwa 1300

A ƙarni na 9, Hunain bin Is'haƙ da almajiransa suka fassara littattafan Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza. Waɗanda suka gaje su ba su tsaya a hadda ba. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajajen 925, ya rubuta littafi sukutum na shakku a kan Jalinus. Ya kuma ba da labarin yadda ya raba masu alamun kumburin ƙwaƙwalwa gida biyu, ya tsaga wa kashi ɗaya jijiya ya rage jini, ya ƙyale ɗaya kashin da gangan don ya gwada ra'ayinsa. Maganin bai inganta ba, amma dabarar kwatanta rukuni biyu ita ce ƙashin bayan gwajin magani har yau.

A Kurɗuba, az-Zahrawi ya zana kayan tiyata a littafinsa at-Tasrif, ya yi bayanin jariran da ruwa ke taruwa a kansu. Ibn Sina ya kammala al-Ƙanun a 1025, inda ya yi sharhi a kan farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da ta fuska, littafin da jami'o'in Turai suka karantar har ƙarni na 17. A Alƙahira, Ibn al-Haisam ya tabbatar cewa haske ne ke shiga ido, saƙo ya bi jijiya ya isa ƙwaƙwalwa, can gani ke cika. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a birnin a 1284 yana da ɓangare na musamman na masu taɓin hankali.

Marubuta tarihin likitoci sun ruwaito cewa a 931 wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren likita, sai Halifa al-Muƙtadir ya umarci Sinan bin Sabit ya jarraba duk masu aikin magani kafin a bar su su ci gaba. Wannan tsari, na a kafa doka bayan an yi ɓarna, zai ci gaba da maimaita kansa.

Gani ya kori ji: 1543 zuwa 1791

Andreas Vesalius, malami a jami'ar Fadowa ta Italiya, ya riƙe wuƙa da kansa maimakon ya zauna yana karanta Jalinus wani na yanka. Gawarwakin waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa ake kai masa. A littafinsa na 1543 ya nuna cewa wata ragar jijiyoyin jini da Jalinus ya ce tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a tumaki da shanu ake samunta, mutum ba shi da ita. A 1664 Thomas Willis na Okusfod ya wallafa littafi a kan ƙwaƙwalwa kaɗai, ya ce tunani a cikin naman ƙwaƙwalwar yake gudana, ba cikin ramukan ruwan da magabata suka ɗauka ba. A 1791 Luigi Galvani na Bolonya ya ba da rahoton cewa ƙafar mataccen kwaɗo tana zabura idan lantarki ya taɓa jijiyarta. Daga nan aka fara barin tsohuwar fahimtar cewa wata iska ce ke gudana cikin jijiyoyi.

Ƙarni na 19: taswira da son zuciya

Wajajen 1800, Franz Joseph Gall ya zo da ra'ayin cewa kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikinsa. Rabin maganar daidai ne. Ɗaya rabin, cewa za a gane halin mutum ta hanyar shafa tudun ƙoƙon kansa, shirme ne, amma shi ya fi karɓuwa a kasuwa. A Amurka, Samuel Morton ya tara ƙoƙunan kai ya auna, ya wallafa littafi a 1839 da ya ɗora Turawa a sama, baƙar fata a ƙasa, masu kare bauta suka rungume shi.

Shaidar gaske daga majinyata ta zo. Ranar 13 ga Satumba 1848, a jihar Bamont, albarushi ya tashi da wani shugaban leburorin layin dogo mai shekara 25, Phineas Gage. Sandar ƙarfe mai nauyin kilo 6 ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakiyar kai. Bai mutu ba, amma likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa halinsa ya canja, ya zama marar haƙuri mai ashar. Daga baya littattafai suka ƙara wa labarin gishiri, suka mai da shi mashayi ɗan gararamba. Abin da ke rubuce shi ne ya yi shekaru yana tuƙa keken dawakai na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke buƙatar natsuwa, kafin farfaɗiya ta kashe shi a 1860.

A 1861, a Faris, Paul Broca ya buɗe kan gawar wani majinyaci, Leborgne, wanda ya shekara 21 ba ya iya furta komai sai "tan", ya tarar da lalacewa a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke ya gano wani wurin dabam, wanda idan ya lalace mutum zai yi ta zuba amma ba ya fahimtar abin da ake gaya masa. Shi kansa Broca ya ɓata lokaci yana auna kawuna don ya nuna maza sun fi mata, Turawa sun fi sauran jama'a.

A wannan ƙarni aka fara rigimar dabbobi. Ingila ta kafa dokar gwaji a kan dabbobi a 1876, kuma a 1881 aka gurfanar da David Ferrier saboda aikinsa a kan birai. Kotu ta sallame shi. A 1884 likitoci a Landan suka yi amfani da irin taswirarsa suka gano inda ƙari yake a kan wani majinyaci suka cire, ko da yake raunin ya ruɓe ya rasu bayan 'yan makonni. Masu kare dabbobi da masu bincike kowa ya sami hujjarsa, kuma har yau ba a sasanta ba.

Ƙwayar jijiya: 1873 zuwa 1952

A 1873 Camillo Golgi ya haɗa wani rini na azurfa da ke baƙanta ƙwayar jijiya ɗaya-ɗaya, ta fito fili a madubin likita. Santiago Ramón y Cajal, ɗan Sifaniya mai gwanintar zane, ya gyara rinin, ya nuna daga 1888 cewa ƙwayoyin a rarrabe suke, kusantar juna suke yi ba tare da sun haɗe ba. Golgi ya dage raga ce guda ɗaya. Aka haɗa su a lambar Nobel ta 1906, Golgi ya yi amfani da jawabinsa ya soki ra'ayin abokin rabonsa. Na'urar da ta iya nuna tazarar ƙarara sai a shekarun 1950 ta samu, ta gaskata Cajal.

To yaya saƙo ke tsallake tazarar? A 1921 Otto Loewi ya ɗebi ruwan da zuciyar kwaɗo ke kwance a ciki bayan ya motsa jijiyarta, ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta rage bugu. Ashe sinadari ne ɗan aike. Shi da kansa ya ce a mafarki dabarar ta zo masa, amma masana tarihi sun lura kwanakin da ya ambata ba su dace da na wallafa aikin ba. A 1929 Hans Berger ya wallafa yadda ya ɗauki lantarkin ƙwaƙwalwar mutum ta fatar kai, gwajin da ake yi wa masu farfaɗiya har gobe. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley, da ƙatuwar jijiyar wata halittar teku, suka bayyana da lissafi yadda shiga da fitar sinadaran gishiri ke haifar da saƙon jijiya.

Shekarun garaje: 1935 zuwa 1967

Asibitocin mahaukata a Turai da Amurka sun cika sun batse, magani babu. A 1935, a Lisbon, Egas Moniz ya fara sa a huda kai a yanke hanyoyin da ke gaban ƙwaƙwalwa. Ya wallafa sakamakon mutum 20 ba tare da ya daɗe yana bibiyarsu ba. Walter Freeman ya kai aikin Amurka, daga 1946 ya riƙa cusa tsinken ƙarfe ta saman ido, yana gamawa cikin mintoci. Shi kaɗai ya yi wa mutum wajen 3,500, har da yara. Da yawa sun daina tashin hankali saboda sun daina komai. Rosemary Kennedy, 'yar'uwar wanda ya zama shugaban Amurka, an yi mata a 1941 tana da shekara 23, ba ta sake iya kula da kanta ba. Duk da haka Moniz ya karɓi Nobel a 1949. Tarayyar Sobiyat ta haramta aikin a 1950, fitowar maganin kulofuromazin a 1952 ta karya kasuwarsa, amma Freeman bai daina ba sai 1967, da wata mata ta mutu a hannunsa.

A Jamus abin ya wuce garaje. Lokacin da 'yan Nazi ke kashe naƙasassu da masu taɓin hankali, Julius Hallervorden na cibiyar binciken ƙwaƙwalwa a Balin ya karɓi ɗaruruwan ƙwaƙwalen waɗanda aka kashe, yana sane da asalinsu. Bayan yaƙi ya ci gaba da aikinsa ba tare da hukunci ba. Sai a 1990 aka binne ragowar sassan a Munik. Daga shari'ar likitocin Nazi aka fitar da ƙa'idojin Nurembag a 1947, na farkonsu shi ne ba a gwaji a kan mutum sai da yardarsa, sanarwar Helsinki ta biyo baya a 1964.

Ko darasi mafi girma a kan tunawa daga ɓarnar tiyata aka samo shi. A 1953 aka cire wa Henry Molaison wani sashe na ciki a ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa don rage masa farfaɗiya. Daga ranar bai sake riƙe sabon abu ba. Brenda Milner ta gano yana iya koyon aikin hannu ya ƙware, alhali bai tuna ya taɓa gwadawa ba, wato tunawa iri-iri ce. An yi shekara fiye da 50 ana nazarinsa, har rasuwarsa a 2008.

Afirka ta mayar da martani: 1953 zuwa 1996

A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa littafin J. C. Carothers, likitan mulkin mallaka a asibitin Mathari na Nairobi, wanda ya kamanta tunanin ɗan Afirka lafiyayye da na Baturen da aka yanke wa gaban ƙwaƙwalwa. Amsa ta zo daga Abeokuta. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin Aro, inda majinyata ke zama a ƙauyukan kusa da asibiti tare da danginsu, ana haɗa maganin zamani da taimakon masu maganin gargajiya. Lambo ya kai muƙamin mataimakin shugaban hukumar da ta buga littafin Carothers.

A Ibadan, Latunde Odeku ya buɗe sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a 1962. Benjamin Osuntokun ya danganta wata cutar tangaɗi da raunin gani a ƙasar Yarabawa da gubar rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba. A 1992 aka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis, aka tarar cutar mantuwa ta Alzheimer ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma ƙwayar gadon da ke ƙara haɗarinta a Turawa ba ta da wannan ƙarfi a Yarabawa. Abin da aka auna a wata al'umma ba lallai ya hau kan wata ba.

Kano ma ta shiga wannan tarihi ta ƙofar baƙin ciki. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurmance ko suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar kuma ya bi ƙa'ida. An sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Zargin da abin ya shuka yana daga cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003.

Sana'a ta tsaya da ƙafarta: 1961 zuwa 2013

Kafin shekarun 1960, masu nazarin ƙwaƙwalwa a warwatse suke cikin fannoni dabam-dabam. An kafa ƙungiyarsu ta duniya, IBRO, a 1961, ta Amurka kuma a 1969. Taron ta Amurkan na farko a 1971 mutum wajen 1,400 ya tara, daga baya yakan kai 30,000. Ƙungiyar masanan Afirka, SONA, ta biyo baya a 1993. Kayan aiki suka canja komai: hoton CT a 1971, na maganaɗisu wato MRI a shekarun 1970, sannan a 1990 Seiji Ogawa ya nuna za a iya bin sawun jini a gane sashen da ke aiki. A karon farko aka leƙa ƙwaƙwalwar mai rai ba tare da wuƙa ba. A 2005 aka fara kunna ƙwayar jijiya da haske, a 2009 Suzana Herculano-Houzel ta Barazil da abokan aikinta suka ƙiyasta ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwar mutum biliyan 86.

Kuɗi suka biyo. A 2013 Shugaba Obama ya ƙaddamar da shirin BRAIN, Tarayyar Turai kuma ta amince da wani shiri na shekara 10 da aka yi wa kasafin yuro biliyan 1, wanda jagoransa Henry Markram ya yi alkawarin kwaikwayon ƙwaƙwalwar mutum a kwamfuta. A 2014 ɗaruruwan masana suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi, aka sauya shugabanci. Shirin ya ƙare a 2023, ya bar taswirori masu amfani, amma alkawarin farko bai cika ba.

Rikicin gaskata sakamako: 2009 zuwa 2024

A 2009 Craig Bennett ya ba da rahoton yadda ya sa mataccen kifi a na'urar MRI, ya nuna masa hotunan mutane, lissafin da aka saba da shi ya nuna wai ƙwaƙwalwar kifin na aiki. Barkwanci ne mai ɗauke da gargaɗi. A 2013 Katherine Button da abokanta suka nuna yawancin nazarce-nazarcen fannin sun yi ƙanƙanta, damar da suke da ita ta gano abin da ke akwai wajen kashi 21 cikin 100 ce. A 2020 aka ba tawaga 70 bayanai iri ɗaya, ba a sami biyu da suka bi hanyar lissafi ɗaya ba, kuma sakamakonsu ya sha bamban. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙarin girma da tallafin bincike sun rataya a kan yawan maƙalu, mujallu kuma sun fi son sakamako mai ban mamaki, matashin da ke aikin kwantiragi na shekara biyu kuwa ba shi da sukunin maimaita gwaji.

Wani lokaci abin yakan kai ga maguɗi. A 2022 mujallar Science ta bankaɗo alamun sauya hotuna a wata shahararriyar maƙala ta 2006 a kan Alzheimer, aka janye ta a 2024. A 2023 shugaban jami'ar Istanfod, Marc Tessier-Lavigne, ya sauka bayan kwamiti ya sami hotunan da aka taɓa a maƙalun ɗakin gwajinsa, ko da yake bai same shi da yin maguɗin da hannunsa ba. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin Alzheimer mai suna Aduhelm duk da ƙin amincewar kwamitin masu ba ta shawara, mutum uku suka ajiye muƙaminsu, aka daina sayar da shi a 2024.

Akwai kuma tambayar wa ake nazari. Wani bincike na 2011 ya gano a fannin ana amfani da dabbobi maza zalla fiye da mata zalla ninki biyar da rabi, abin da ya sa cibiyar lafiya ta Amurka ta sauya ƙa'ida a 2016. Kuɗin wallafa ma ya zama shinge. A 2023 editocin mujallar NeuroImage fiye da 40 suka yi murabus gaba ɗaya saboda ana karɓar dala 3,450 a kan maƙala guda, suka kafa tasu.

Sana'ar ta fara gyara kanta: ana rubuta tsarin gwaji a ajiye kafin a fara, ana sakin bayanai kowa ya duba, ɗakunan gwaji da dama suna haɗa kai a kan tambaya ɗaya. Da irin wannan haɗin gwiwa aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙaramin ƙuda a 2024, mai ƙwayoyi kusan 140,000.

Inda aka kwana

Sababbin tambayoyi sun taso. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa na'ura a kan wani shanyayye, yana sarrafa kwamfuta da tunani. Wa ke da mallakin bayanan da ke fita daga kan mutum? Ƙasar Chile ta sa kariyar bayanan ƙwaƙwalwa a kundin tsarin mulkinta tun 2021, ɗaya daga cikin 'yan lokutan da doka ta yi yunƙurin riga ɓarna isowa.

Tsohuwar tambaya kuwa tana nan, ta wa ya amfana. Ƙididdigar da aka wallafa a 2024 ta nuna mutum fiye da biliyan 3 na fama da wata larurar jijiya ko ƙwaƙwalwa. Wani nazari na 2021 da Mahmoud Bukar Maina ya jagoranta ya nuna ƙasashe biyar, Masar, Afirka ta Kudu, Nijeriya, Maroko da Tunisiya, su ke samar da mafi yawan binciken ƙwaƙwalwa na Afirka, kuma a yawancin yankunan nahiyar kuɗin daga waje yake zuwa. Mai biyan kuɗi shi ke zaɓen tambaya, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta bar wasu da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Cibiyar bincike da Maina ya kafa a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu a 2021 yunƙuri ne na horar da masana a gida da kayan aiki na zamani, don kada kowane haziƙi sai ya ƙetare teku.

Farfaɗiya ita ce ma'auni mafi sauƙi. Mutum wajen miliyan 50 ke da ita a duniya, kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Kusan 70 cikin 100 za su daina faɗuwa idan suka sami magani, kuma ɗaya daga magungunan, fenobabital, tun 1912 ake amfani da shi, ga shi da araha. Amma a ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu ba sa samu. A 2022 ƙasashen duniya suka amince da wani shiri na Hukumar Lafiya da zai kai 2031 don rage wannan giɓi. Cikarsa ba ta jiran sabon bincike a Balin ko Bostan. Tana jiran ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin karkara wanda ya iya gane cutar, da magani a kan kanta duk wata, da malamin makarantar da ba zai kori yaro don ya faɗi a aji ba.